Tarihin Kyaftin Goloba, Baturen Da Ya Yanka Filayen Ebute Metta

 A wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar wani Bature da ya mutu tun shekarar 1885, wanda har gobe muna tafiya a kan titunan da ya shata, alhali galibinmu ko sunansa ba mu sani ba. Sunansa John Hawley Glover, amma bakin Yarabawa ya mai da shi Goloba, mu ma da haka za mu kira shi. Wani zai ce me ya haɗa mu da tarihin Nasara ɗan mulkin mallaka? To, abin da ya haɗa mu shi ne, ba a iya ba da labarin zaman Bahaushe a wannan gari a tsallake shi, haka kuma ba a iya ba da labarin unguwar Ebute Metta da tasharta da kasuwarta ba tare da an ambace shi ba. Yaranmu da aka haifa a nan, idan an ce musu baƙi ne jiya suka zo, ya kamata a ce suna da amsar bayarwa cikin ladabi da hujja.

Asalinsa da zuwansa Kwara

An haifi Goloba ran 24 ga Fabrairu 1829 a wani ƙauye da ake kira Yateley a kudancin Ingila. Ubansa limamin coci ne. Yana ɗan shekara 12, wato a 1841, aka sa shi aikin sojan ruwa. Can ya tashi, can ya koyi tuƙin jirgi da awon zurfin ruwa da zanen taswira. Ya yi yaƙi a ƙasar Bama har aka ji masa rauni a 1853. Wannan Bamar dai ita ce wadda kakanninmu suka je yaƙi cikinta bayan shekara 90, zamanin yaƙin Hitila.

A shekarar 1857 gwamnatin Ingila ta tura wani likita mai suna Dokta Baikie ya hau kogin Kwara don buɗe hanyar ciniki da ƙasashen Nufawa da Hausa. Goloba, wanda a lokacin laftana ne, shi aka ɗora wa aikin awon kogin. Cikin jirgin har da Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben nan da ya zama bishop daga baya. Sunan jirgin Dayspring. Sun wuce mahaɗar Kwara da Binuwai lafiya, sun wuce Raba, amma a watan Oktoba na wannan shekara jirgin ya daki dutse kusa da Jebba ya farfashe. Mutanen suka tsira da rayukansu, suka kafa bukkoki a bakin kogi, suka yi kusan shekara guda suna jiran wani jirgin ya zo ya kwashe su.

Wannan hatsari shi ya juya rayuwar Goloba. Da yake mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, sai ya biyo ta ƙasa, ya ratso ƙasar Yarabawa har Ikko, ya je Saliyo, ya kuma komo. A cikin tafiye-tafiyen nan ne ya haɗu da Hausawa, waɗansu 'yantattu da ke son komawa gida, waɗansu kuma bayi da suka gudo daga iyayengijinsu. Su suka zama 'yan rakiyarsa da masu ɗaukar kayansa. Ya ga juriyarsu a kan hanya, ya ga ba su da dangi a Kurmi da za su karkata gare su, sai ya riƙe abin a ransa.

Ikko a wancan zamani

Mai karatu ya cire Legas ɗin yau daga ransa. Ikkon wancan lokaci tsibiri ne kawai, rabinsa fadama da sauro, gidajen ƙasa da jinka, gobara kuwa ba ta jimawa ba ta tashi ba. Ƙidayar 1866 ta sami mutum wajen 25,000 ne a garin. Babu gada ko ɗaya. Duk mai son tsallakawa zuwa tudu sai ya shiga kwale-kwale. Ruwan sha kuwa na rijiya ne.

Turawan Ingila sun yi wa garin luguden wuta a 1851, suka kori Sarki Kosoko suka mai da Akitoye kan gado. A watan Agusta na 1861 suka matsa wa ɗansa, Sarki Dosunmu, ya sa hannu a takardar miƙa musu garin. Goloba ya yi aiki a ƙaramin jirgin yaƙi a tafkin da ya kewaye tsibirin, ya san kowace kwata da kowane lungu na ruwan. A 1863 aka ba shi riƙon gwamnatin Ikko, a 1864 ya zama sakataren mulki, daga 1866 zuwa 1872 kuma shi ne mai gari gaba ɗaya.

To, Hausawa fa, yaya aka yi suka riga shi zuwa? Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, da rushewar daular Oyo, sun jefa dubban mutanen Arewa cikin bauta a ƙasar Yarabawa. Su ne wanzamai, su ne masu kiwon dawaki da shanu, su ne masu tufkar igiya. Waɗansu an sayar da su aka haye teku da su zuwa Barazil. Waɗansu jiragen Ingila sun tare su a teku aka sauke su a Saliyo. Waɗansu kuma suna nan cikin Ikko a gidajen attajirai da sarakai. Saboda haka gaskiyar magana ita ce, da yawa daga Hausawan farko na wannan gari ba da son ransu suka zo ba. Wannan ba abin kunya ba ne gare mu. Ƙaddara ce ta Ubangiji, kuma ba su yar da sallarsu da harshensu ba.

Hausawan Goloba

Gwamnatin Ikko ba ta da kuɗin ɗauko soja daga Ingila, waɗanda aka kawo kuma zazzaɓi na ta kwashe su. Sai Goloba ya tuna da mutanen da suka raka shi daga Kwara. A 1863 ya tara su, ya ba su bindiga da kaki da albashi. Rundunar sojan Najeriya ta yau, in tana ba da tarihinta, daga mutum 18 ɗin nan da ya fara da su take soma lissafi. 'Yan sanda ma suna da tushe a nan. Kafin a jima suka kai ɗaruruwa, domin duk bawan da ya gudo ya shiga bariki ya tsira, ubangijinsa ba ya iya zuwa ya kamo shi. Ana kiransu Hausawan Goloba, ko da yake cikinsu akwai Nufawa da Barebari da sauran kabilun Arewa. Harshen Hausa ne ya haɗa su, kamar yadda yake haɗa mu yau a ƙungiya. Ya ba su fili a gabashin tsibirin suka gina gidaje, suka yi aure, suka hayayyafa. Daga baya aka riƙa matsar da mazaunin sojan har zuwa wajen Obalende, shi ya sa unguwar ta daɗe da sanin Bahaushe.

Sai dai a faɗi ɗaya a faɗi biyu. Mutanen gari ba su so wannan runduna ba. Sun laƙaba musu sunan ɓarayi arba'in, suna zarginsu da cin zali da ƙwace a kasuwa. Attajirin da bawansa ya gudu, gobe ya gan shi da bindiga yana ba shi umarni, ai ba zai yi murna ba. Shi kuwa Goloba abin da yake so ke nan, wato mutanen da ba su da kowa a gari sai shi. Har ana yi masa kirari da uban Hausawa. Amma mai hankali ya san ƙaunar nan da dalilinta: ya ba su 'yanci da abinci, su kuma suka zama sandar da yake dukan wasu da ita.

Rigimar hanya

Duk ɗan kasuwa zai gane damuwar Goloba nan da nan. Gwamnatinsa da kuɗin kwastan take rayuwa. Manja da auduga su gangaro daga cikin ƙasa, gishiri da taba da yadi da barasa da albarushi su hau. In kaya sun motsa, baitulmali ya cika. In hanya ta toshe, ko albashin ma'aikata ba a iya biya. Hanyoyin kuwa suna hannun Egba na Abekuta, masu kogin Ogun, da Ijebu. Su ne 'yan tsakiya, kuma ba sa son Badun ta sami hanyar sayen bindiga kai tsaye daga bakin teku, don suna yaƙi da ita. In ransu ya ɓaci sai su rufe hanya, ciniki ya tsaya cik.

A 1865 mayaƙan Egba suka yi wa Ikorodu ƙawanya. Goloba ya ce su janye, suka ƙi. Sai ya tura soja, cikinsu har da Hausawansa, suka watsa su. Egba ba su manta da wannan ba. Ga batun bayinsu da ke gudowa Ikko, ga 'yan sandan Goloba da ke matsowa kan iyakarsu. A watan Oktoba na 1867 abin ya fashe a Abekuta, aka farfasa coci-coci da gidajen 'yan mishan, aka kori Turawa daga garin. Kiristocin Egba da yawa suka biyo su zuwa Ikko, ba gida ba gona.

Yadda aka yanka Ebute Metta

Tsibiri ya riga ya cika, sai Goloba ya dubi tsallaken ruwa. Ebute Metta a Yarabanci na nufin kwata uku, wato wuraren da kwale-kwale ke tsayawa. Ƙasar ta gidan sarautar Oloto ce, Aworawa masu asalin wurin, kuma daga hannunsu aka karɓi filin. Goloba ya sa aka auna shi, aka ja tituna miƙaƙƙu suna gilma juna kamar gidan dara, aka yanka fuloti-fuloti aka raba wa 'yan gudun hijirar. Kowa aka ba shi 'yar takardar shaida, wadda aka riƙa kira tikitin Goloba. Wajen da suka fara sauka shi ake kira Ago Egba, wato zangon Egbawa.

Duk wanda ya san lungunan Isale Eko, inda mota ba ta iya juyawa, ya kuma zo ya ga yadda titunan Ebute Metta suka miƙe, ya ga bambancin garin da ya tsiro da kansa da wanda aka shata da igiya. Dubi sunayen da titunan ke ɗauke da su yau: titin Kano, titin Borno, titin Jebba, titin Ibadan, titin Abeokuta, titin Ondo. Unguwa ce da aka kafa don baƙi tun ranar farko, kowa da inda ya fito.

Akwai darasi a tikitin nan. Waɗansu sun adana nasu, waɗansu sun yar, waɗansu sun sayar da fili da baki kawai ba rubutu. Jikoki suka tashi suna ta shari'a da juna da kuma gidan Oloto, har sai da gwamnati ta yi doka ta musamman a 1947 don warware rikicin filayen Goloba. Shekara 80 ke nan ana jan magana ɗaya. 'Yan'uwa masu sayen fili ko kama rumfa a Agege da Mile 12 da Alaba Rago da Ikorodu, a riƙa karɓar takarda, a sa shaidu, a adana. Addininmu ma ya hore mu da rubuta ma'amala.

A cikin tsibirin ma ya yi aiki. Ya ƙara tsawon titin Marina da ke bakin ruwa, ya fitar da Broad Street, kuma a ƙarshen zamaninsa, a 1872, aka gina gidan yarin da ke kan wannan titi, wanda aka mai da shi wurin shaƙatawa na Freedom Park a 2010.

Tafiyarsa da ƙarshensa

Babban burin Goloba shi ne ya sami hanyar da ba ta bi ta hannun Egba da Ijebu ba. Ya tura jakadu ta gabas, a bi tafki cikin kwale-kwale sannan a hau ta Ondo zuwa cikin ƙasa. Da Egba da Ijebu suka ji, sai suka rufe hanyoyinsu a 1872, kasuwa ta mutu, 'yan kasuwar Ikko, Turawa da baƙaƙe, suka yi ta kai ƙararsa. A lokacin Ikko na ƙarƙashin babban gwamna da ke Saliyo, kuma wanda ke riƙe da kujerar, John Pope Hennessy, bai yarda da tsarin Goloba ba. A shekarar nan ya bar Ikko, bai sake mulkinta ba.

A 1873 yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Asante, waɗanda fatakenmu na Gwanja ke kira Tonawa. Aka kira Goloba ya tara runduna ta wajen kogin Volta, ya kuwa nemi Hausawansa. Janar Wolseley ya shiga Kumasi ran 4 ga Fabrairu 1874, Goloba ya iso bayansa da 'yan kwanaki ta wata hanyar. Sarauniya ta ba shi lambar girma, ya zama Sir John. Da yawa daga sojan Hausa da aka kai can ba su komo ba, suka zauna, suka ƙara yawan jama'ar zango a Ankara da sauran garuruwan ƙasar da ake kira Gana yau.

Daga nan aka tura shi gwamna a tsibirin Newfoundland, wanda yanzu ke cikin Kanada, daga 1876 zuwa 1881. A 1876 ɗin ne ya yi aure. Ya yi gwamna a tsibiran Leeward na yankin Karebiyan, aka sake mai da shi Newfoundland. Ya mutu a Landan ran 30 ga Satumba 1885 yana da shekara 56. Mutanen Ikko suka tara kuɗi suka gina zauren taro don tunawa da shi, wato Glover Memorial Hall, wanda ginin da ya gaje shi ke titin Kwastan. Akwai kuma titi mai sunansa a Ikoyi.

Abin da ya biyo baya

Hanyar da Goloba ya nema bai samu ba, dogo ne ya kawo ta, kuma daga unguwar da ya yanka ta tashi. An fara shimfiɗa dogo a 1896. A 1901 jirgi ya kai Badun, a shekarar kuma aka buɗe gadar Carter da ta haɗa tsibiri da Iddo. A 1902 aka sa ɗan ƙaramin jirgin cikin gari mai tururi. Dogo ya kai Jebba a 1909, daidai wurin da jirgin su Goloba ya farfashe, kuma kafin a gama gadar Kwara a kan jirgin fito ake ɗora taragai a tsallakar da su. Zuwa 1912 mutum na iya shiga jirgi a Iddo ya sauka a Kano. Tafiyar da fatake ke yi wata da watanni da jakuna ta koma ta 'yan kwanaki.

Wannan ne ya kawo zuwan Hausawa karo na biyu, kuma mafi yawanmu daga nan muka samo asali. Gyaɗa da fatu da shanu suka gangaro, goro ya hau. Huhun goro daga Agege da Shagamu, shanu zuwa mayanka, wake da albasa da busasshen kifi zuwa Iddo da Oyingbo. Masu gida da dillalai suka kafu, aka naɗa sarakunan Hausawa, aka gina masallatai da makarantun allo. Ruwan famfo ya iso daga Iju a 1915. Hedkwatar reluwe ta zauna a Ebute Metta, tana nan har yau, tsohon asibitin ma'aikatan reluwe kuma shi ne ya zama asibitin tarayya na unguwar. An ƙara gadar Eko a 1975, da babbar gada ta uku mai tsawon kilomita 11.8 a 1990. A 2021 aka buɗe tashar Mobolaji Johnson ta sabon jirgin Badun, a 2024 kuma aka ƙaddamar da jirgin cikin gari daga Oyingbo zuwa Agbado, wanda ke bi ta Yaba da Mushin da Oshodi da Ikeja da Agege. Mai rumfa a Oyingbo da ke kwana a Agege ya san sauƙin da wannan ya kawo, in ya tuna da cunkoson danfo.

Ita kuwa rundunar da ya kafa, tafiyarta ta yi nisa. Da ita aka ci Ijebu a 1892. Daga baya ta narke cikin babbar rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma, wadda wani reshenta ya ci Kano da Sakkwato a 1903, har aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Wato bindigar da aka fara ɗora wa Bahaushe a kafaɗa a bakin teku, bayan shekara 40 ta juyo ta nufi gidansu. Wannan kaɗai ya isa wa'azi.

To jama'a, me za mu ɗauka?

Goloba ba waliyyi ba ne, aikin ƙasarsa ya zo yi, kuma mutum ne mai zafin rai da son a bi nasa. Amma ya 'yanta bayi da yawa, ya ba marasa gida fili, ya bar tituna da ake mora har yau. Mu faɗi alherinsa, mu faɗi sharrinsa.

Abin da ya shafe mu shi ne, zamanmu a Ikko ya haura shekara 160, kuma ya zo ta ƙofa biyu. Ƙofar bariki ta ba kakanninmu tsaro, amma ta bar musu baƙin jini wurin masu gari, kuma ranar da Goloba ya tafi ba wanda ya tambaye su ra'ayinsu. Ƙofar kasuwa ita ce ta zaunar da mu, domin mai sayen goronka da mai ba ka hayar ɗaki da mai ba ka bashin kaya, amana ce ta haɗa ku. Mun ga abin da ya faru a Shagamu da Ketu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016. An yi asarar rayuka da dukiya ta kowane ɓangare, waɗanda suka zuga kuwa ba a ga gawarsu ko ɗaya ba. Saboda haka muna kira ga matasanmu, musamman masu sabon zuwa, kada wani ɗan siyasa ko mai kuɗi ya mai da ku sandar dukan maƙwabci. Ku yi rajista da ƙungiya, ku san sarkinku, ku girmama sarakunan gari da dokokinsu, ku koyi Yarabanci ko na ciniki ne, ku sa yara makaranta ta boko da ta Islamiyya. Dattawa kuma a riƙa zaunar da yara ana ba su labarin yadda aka zo, tun masu sani suna raye.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kwanta a wannan ƙasa, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu. Amin. Wassalam.